Baba Abatcha Mai Firam, Wanda Ya Shanya Kaki a Rana

Ranar Asabar, 9 ga Agusta, 2025, da hantsi, labari ya same ni a Mamudo cewa Allah Ya karɓi ran Baba Abatcha kafinta, mai yin firam ɗin hoto a Potiskum, bayan jinyar sati uku. Na Allah ne mu, kuma gare Shi makoma take.

Baba, shekara goma sha ɗaya muka yi tare, ni malamin kimiyya, kai kuma ba ka taɓa zama a aji ba. Amma ban taɓa samun ɗalibin da ya ƙure ni da tambaya kamarka ba.

Sanadin haɗuwarmu firam ɗin Hajiya Meram ne. Mijinta ne ya yi masa farin fenti da hannunsa kafin ya rasu, ya sa hotonsu ɗaya tilo a ciki. Ta kawo maka don ka shafa masa kakin zuma saboda danshin damina. Sharaɗinta ɗaya: kada farin ya sauya. Ka san kakin da kake samowa daga Gadaka yana mai da fari ya koma ruwan ɗorawa, kuma in ya kama fenti ba ya fita salin-alin. Da wani ne, da ya shafa kawai ya sallame ta. Kai kuwa sai ka rataye firam ɗin, ka hau mota har makarantarmu kana neman mai koyar da kimiyya.

Ka ce da ni, "Malam, launin nan a cikin kakin yake, ko ragowar zumar ce?"

Na ce gaskiya ban sani ba. Ka yi murna kamar na ba ka kyauta, ka ce, "To, mun zama mu biyu."

Daga nan ka cika shagonka da guntayen katako masu fenti, kowanne da alamarsa. Ka dafa kakin, ka tace da ƙyalle har sau huɗu, rawayar ta ragu amma ba ta tafi ba. Wata rana ka lura wani ɓarɓashin kaki da ya faɗi bakin taga ya koɗe. Sai ka kankare sauran siriri-siriri, ka baza a faranti, kana shanyawa a ranar safe, kana yayyafa ruwa don kada ya narke. Maƙwabta suka riƙa tambaya ko ka koma sana'ar kilishi. Bayan sati uku kakin ya yi fari. Duk da haka sai da ka gwada a bayan firam, ka jira kwana biyu, sannan ka shafa a gaba, kaɗan-kaɗan, ka goge da tsumma mai laushi.

Ina wurin da Hajiya Meram ta zo. Ta fita da firam ɗin haske, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Fentinsa ne. Ga ma inda hannunsa ya goce."

Ba ka ɓoye wannan sani ba. Kafintoci daga Danchuwa sun zo, ka nuna musu tun daga farko, har da inda ka yi kuskure. Kana yawan ce musu kada a sa kaki a kan fentin da bai gama bushewa ba, ko da mai kaya yana tsaye a kai.

Da na je duba ka a jinyarka, muryarka ta dishe, amma ka tambaye ni me ya sa shuɗi ya fi kore yin duhu in aka shafa masa kaki. Na ce zan bincika in dawo Lahadi. Ban ƙara ganinka ba sai a makara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalanka, Inna Hawwa, da Nuraddeen, da Fatimatuzzahra, da dukan dangi na nan da na Borno. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Baba, Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka koyar ya zame maka sadaka mai gudana. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Malam Hussaini Bubayaro, Mamudo