Tuntun Rigar Angon Japan

Ranar da har yau ba ta fita raina ba ita ce wata Laraba cikin Sha'aban, a shagon ɗinkinmu na unguwar Anbariyya a Madina. Lokacin ni ne mu'allim, wato babban tela mai yanka da raba aiki. Mai shagon, Ammu Salihu, haifaffen Madina ne, kakanninsa Katsinawa.

Bayan La'asar ya shigo da Yusuf, wani ɗalibi ɗan Japan da ya musulunta, wanda zai auri 'yar ƙanwar Ammu Salihun washegari a unguwar Azizya. Yusuf ya kwance ƙunshi a hankali. Kayan bikin marigayi mahaifinsa ne: baƙar doguwar riga ta siliki, da gajera ta sama mai tambarin gidansu, da wando mai faɗi da suke kira hakama. Sai dai farar igiya mai tuntu da ke haɗa gaban gajerar rigar ta ɓace a hanya, kuma ba a sa rigar sai da ita.

"Ya mu'allim, mushkila ce," in ji Ammu Salihu. "Na ce ya sa jallabiya, halas, shi ke nan, amma ransa bai so ba."

Yusuf ya ce da Larabcinsa na makaranta, "Mahaifiyata ce ta ninke kayan. Za ta kalli bikin ta waya."

Ƙa'idarmu, kayan da ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka taɓa. Na nemi hoton auren mahaifinsa, na ƙura masa ido. Tun a gida Damagaram na iya tuntun hular dara, don haka na samo farin zaren siliki na fara kitsawa. Na farko ya yi siriri, Yusuf ya ji nauyin faɗa, ni na gani a fuskarsa na warware. Na biyu ya zauna. Ƙullin kuwa ban iya ba, shi ya ɗaura yadda ya ga mahaifinsa yana yi.

Washegari a wajen walima Yusuf ya tsaya tsakiyar masu alkyabba, tuntun fari fat a ƙirjinsa. Mahaifiyar ta tambaye shi wa ya yi. Ya juyo da wayar gare ni, tsohuwar ta sunkuyar da kai ta daɗe ba ta ɗago ba. Na dafa ƙirji, ni ma na sunkuya.

Ku da kuka shigo sana'ar yanzu, ku riƙe wannan: kowace al'umma tana da kayan da take girmama iyayenta da su. In aka kawo muku irinsu, ku wanke hannu, ku saurari mai su, sannan ku ɗauki allura.