Muryar Jemima ta Kona

Duk manomin da ke kunna rediyo da safe a Jalingo ya san muryar Jemima Barnabas. 'Yar ƙabilar Kona ce, Hausarta irin ta cikin kasuwa, mai gauraye da Fulatanci. Shekaru ta yi tana gabatar da shirin manoma a wani gidan rediyo mai zaman kansa, har tsofaffi kan aiko mata da doya.

Sai aka kawo sabon manaja. Bai daɗe ba ya tara ma'aikata, ya dube ta ya ce, "Irinku ba ku dace da makirufo ba. Daga yau 'yan ƙabilarku sai shara da aike." Da ta yi magana, aka sallame ta.

Mahaifinta ya ce, "'Yata, bar wa Allah." Ta so ta bari. Ta koma soya ƙosai a unguwar Nukkai, in mai saye ya gane muryarta sai ta sunkuyar da kai.

Margaret, lauyar da suke ƙungiyar mawaƙan coci tare, ita ta zaunar da ita.

"Anti, ni wa zan iya kai ƙara? Kamfaninsu ne fa," in ji Jemima.

"Kamfaninsu ne, amma doka ta hana a kori mutum don ƙabilarsa. Akwai kotun ma'aikata. Wa ya ji abin da ya faɗa?"

Kowa ya ji, amma kowa na tsoron rasa aikinsa. Duk da haka suka shigar da ƙara. Shari'a ta yi ta jan ƙafa, yau a ɗage, gobe a ɗage, har Jemima ta fara karaya. Ran nan sai ga Jabir, injiniyan tashar, a bakin kotu. Ya ce, "'Yar'uwa, abin ya hana ni sukuni. Na zo in faɗi abin da kunnena ya ji." Bayansa wasu ma suka fito.

Alƙali ya ce korar ta saɓa doka, kuma masu tashar da kansu suka nemi ta dawo.

Yanzu, ban da shirin manoma, ita da Margaret suna da fili ran Asabar kan haƙƙin ma'aikata. Masu gadi da ma'aikatan otal ke bugo waya, wani lokaci har lokacin shirin ya ƙare layi bai yanke ba.