Kunkunniya a Motar Baba

Shekara shida ke nan da Allah Ya karɓi ran mahaifina, wanda mutanen Aliero suka sani da fataucin albasa. Ya rasu ba da jimawa ba bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Allah Ya gafarta masa. Ni ban iya dogon yabo ba, shi ma bai son sa. Maganar motarsa zan yi, don a wurinta na fi saninsa.

Doguwa ce, baƙa, mai kujerun fata, irin ta manyan ma'aikata. Ta riga ta tsufa ya saye ta, kuma bai taɓa barin bakanike ya sa mata hannu ba. Ciwonta ɗaya ne, kunkunniya: baƙin da man da bai ƙone sosai ba ke bari a kan fulogi da cikin inji, har numfashinta ya toshe. Baba ya san shi da kansa ke jawo mata. Daga gida zuwa masallacin Juma'a sai ya tsaya wa duk wanda ya ɗaga masa hannu, a tambayi gida, a tambayi gona, a tambayi mutanen Sabiyal, inji na ta gunaguni a tsaye. Yakan ce gaisuwa ce za ta kashe motar nan, amma bai iya wuce mutum ba.

Saboda haka yake biyan ta haƙƙinta. Yakan kwance fulogai ya goge su da burushin waya da fetur. In an gama kwashe albasa kuma sai ya sauke kan injin gaba ɗaya a kan tabarma, ya kankare baƙin da wani cokalin Inna, mahaifiyarmu, wanda ya daddaƙe bakinsa. Har ya rasu Inna ba ta daina cigiyar cokalin ba. Daga nan sai ya hau titi, ya ratsa Jega, ya miƙe hanyar Maiyama, ya taka ta yadda dattijo bai kamata ya yi ba. An yi ta tsegumi, wai Alhaji na tsere da yaran tasha. Na taɓa gaya masa a cikin motar. Ya ce, "Bar su, ɗiyata. Kaki taka yi. Wagga ba motar zama ba ce."

To, zaman muka ba ta. Tun bayan sadakar arba'in yayana Sani ya ɗauki hidimarta. Kullum da safe ya wanke ta, ya tayar da ita a gindin darbejiya, ya bar ta tana kuka har ya gama shan kunu, ya kashe. In an fita da ita, to ɗaurin aure ne cikin gari, a hankali kamar an ɗauko ƙwai. A ganinsa girmama Baba ke nan. Ga kuma man zamanin nan: gidajen mai a rufe, sai na 'yan bumburutu, wanda ko daga nesa kake jin warin kananzir. Da Baba zai ga wannan, na san ba tsadar mai zai fara yi wa faɗa ba. Ƙarar injin zai saurara, sannan ya dubi Yaya.

Bana ta soma kakkarwa, hayaƙinta na shiga ɗakin Inna. Wani mai sayar da kayan gyara daga Jega ya zo ya zagaya ta, yana taya ta don ya farfasa. Inna ta yanke magana: in ba ta tashi da kyau ba kafin Babbar Salla, a ba shi.

Na samu Yaya na ce, "Kai ka shaƙe ta da ladabi." Ya ce, "Ke dai bakinki bai da birki. Mi kika sani ga mota?" Na ɗauko masa cokalin daga ƙarƙashin kujerar direba, inda Baba ke ɓoye shi. Ya karɓa, ya buɗe gaban motar. Muka shimfiɗa tabarma. Abin da muka kankaro ya fi gindin tukunyar gidan biki baƙi. Inna ta leƙo, ta ga cokalinta, ta daɗe tana kallonsa, ta koma ciki ba ta karɓa ba.

Muka mayar da kan injin, muka hau titi. Da muka wuce Jega, Yaya na tafe yana ɗaga wa mutane hannu. Na ce, "Yaya, don Allah taka ta." Ya taka. Ta yi tari, ta saki baƙin hayaƙi har wani mai keke ya sauka gefe yana zagi. Kafin mu ga Maiyama muryarta ta washe, ta koma wadda na sani. Na juya, na ga Yaya na share ido da hannun riga, ƙafarsa kuwa ba ta ɗaga ba.

Ban san shekara nawa suka rage mata ba. Ƙarfe ne, zai ƙare. Mai kayan gyara dai ya koma hannu wofi. Mun ɗauka adana abin Baba shi ne a ajiye shi a inuwa, a riƙa share masa ƙura. Shi kuwa bai taɓa son abu ta haka ba. Wanda yake so, yana sa hannu a cikin dauɗarsa, sannan ya sake shi a hanya. Haka ya yi da motar, haka ya yi da ni ranar da ya kai ni sakandare, dangi na ta magana. Cokalin yana nan ƙarƙashin kujera, sai an kwashe albasar baɗi.