Kofaton Gunya a Hannun Baba Hamadou

Kafin taksin farko ya fara damun mutane da hon a unguwar Louis ta Libreville, Baba Hamadou ya idar da sallar asuba ya shiga barga. Ƙaramar makarantar koyon hawan doki ce a bayan gari, ta wajen teku, kuma shi ke kula da dawakinta tun gashin kansa yana baƙi. Ba ya farawa da dusa ko ciyawa, ƙafa yake fara dubawa. Zai tsaya jikin doki, ya shafo daga kafaɗa zuwa ƙasa, ya ce da muryar nan tasa mai kaushi, "Ba ni." Sai dokin ya ɗaga ƙafa ya ɗora masa a tafin hannu. Ya sa ɗan lanƙwasasshen ƙarfensa ya ƙwaƙule lakar da ta maƙale a kofato, ya shinshina, ya ajiye, ya koma ta gaba. A garin da ruwan sama ba ya gajiya, kofato ruɓewa yake tun daga ciki, kafin a ankara doki ya gurgunce.

To, da a kansa kaɗai abin ya tsaya, da ba wanda zai yi ƙorafi. Amma tsohon nan akwai taurin kai! Duk wanda ya zo koyon hawa, ɗan minista ne ko ɗan tireda, ba zai taka likkafa ba sai doki ya ba shi ƙafafunsa huɗu da kansa.

Ramatou, wata ma'aikaciyar jinya haifaffiyar Libreville wadda iyayenta 'yan Damagaram ne, ta sha fama da shi. Goɗiyar da aka ba ta, Gunya, ta yi makonni tana kallon ta kamar ba da ita ake ba.

"Baba, ni fa hawa na zo koya, ba wankin ƙafa ba," in ji ta wata rana, gumi na zuba.

"Ɗiyata, ta ƙi ba ki ƙafa, kina so ta ba ki bayanta? Sunkuya ki sake roƙo. Kuma rage murya, ba kurma ba ce."

Ta sunkuya tana gunaguni da Faransanci. Ranar da Gunya ta ɗaga mata ƙafa, har tsalle ta yi kamar yarinya.

Mutum ɗaya ne ya tsallake wannan doka, shi ne Alhaji Abdulhafiz, ɗan Tahoua mai manyan motoci da ke kwasar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Owendo. A gidansu da doki aka yaye shi, kuma gaskiya ya iya hawa, ba cika baki ba ne. Wata Asabar aka fita kilisa bakin teku, Baba Hamadou yana can baya yana gyara wa wani ɗalibi sirdi, Alhaji ya karɓi Gunya ya haye abinsa.

Ruwan teku ya janye a lokacin. Inda wani rafi ke shiga teku, fili ya buɗe shimfiɗe, sumul, yana ƙyalli. Duk ɗan bakin ruwa ya san wannan laka ce mai haɗiye mutum. Amma idon ɗan Tahoua fako ya gani, irin wanda suke sukuwa a kai suna samari. Ya saki linzami.

"Alhaji! Tsaya! Ba ƙasa ba ce!"

Ina! Iska ta tafi da muryar tsohon. Gunya ta yi 'yan taku a guje, sai ƙafafun gaba suka nutse, Alhaji ya wuntsula ta saman kanta. Shi ya rarrafo da ciki ya fito, baƙi ƙirin da laka. Ita kuwa ta shiga fizge-fizge tana haniniya, kuma duk fizga ɗaya ƙara nutsewa take, har laka ta kai mata ciki.

Masunta suka taru. Ɗaya ya nuna can nesa, inda wani farin layi ke matsowa, ya ce ruwa ya juyo, kuma in ya cika a nan yana shanye mutum a tsaye. Alhaji ya ce a kawo mota da igiya a ɗaura mata a wuya a ja.

"Wallahi ba mai sa mata igiya," in ji Baba Hamadou. "Ku ja, wuya ya fito, ƙafafu su zauna? Ku ba ni katako."

Ga abin da ya kamata mai karatu ya sani. Baba Hamadou ɗan Dogondoutchi ne. Duk shekarun da ya yi a bakin teku bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, ko jirgin ruwan fasinja na tashar Port Môle ba ya yarda ya hau. Kowa a barga ya san haka, har tsokanar sa ake yi. Ramatou, wadda ke cikin masu kilisar, ta riƙe masa hannun riga.

"Baba, ba ka iya ruwa ba!"

"Na sani. Ɗauko wancan katakon ki biyo ni."

Suka shimfiɗa katakan masunta suka rarrafa a kai. Ya kwance majayi ya jefar da sirdi, ya zare linzami ya bar ragama, ya tuɓe rigarsa ya rufe wa goɗiyar idanu. Ya kafa baki a kunnenta yana yi mata maganar da yake yi mata kowace safiya, har fizgar ta ragu, sai huci. Sannan ya sauka cikin lakar da kansa ya fara tona da hannu a gefen ƙafar gaba. Yana tonawa tana cikewa.

Ruwan farko ya iso, mai sanyi, ya lashi katakan.

Daga gaɓa ana ta ihu su fito. Shi kuwa ruwan yake jira, don ya lura duk inda ya ratsa, lakar tana sakin jiki. Ruwa ya kai masa ƙugu. Ya zura hannu har kafaɗa, ya shafo ƙafar daga sama zuwa ƙasa kamar yadda ya saba, ya ce, "Ba ni."

Gunya ta tsaya cak. Can sai ta karkata nauyinta, ta ja ƙafar a hankali. Lakar ta yi wani irin tsotso ta sake ta, ya ɗora kofaton a kan katako. Haka aka yi da ta biyu. Kafin a gama da ta uku ruwa ya kai masa ƙirji, katakan sun fara shawagi sai da Ramatou ta danne su da gwiwa.

Saura ta baya ta hagu, wadda ta fi nutsewa. Hannunsa ba ya kai wa sai ya sa kai cikin ruwa. Ramatou ta ce a nan ne ta ga tsoro ƙarara a fuskarsa.

"Ɗiyata, in na nutsa ba ni da baki. Ke za ki roƙe ta. Ta san muryarki. Kar ki yi ihu."

Ya yi bisimilla ya nutse.

Ramatou ta rungume kan goɗiyar, ruwa na dukan ta a wuya. Kuka ya taso mata, ta haɗiye. Ta ce, "Ba ni." Ba abin da ya motsa. Kumfa na tasowa daga inda tsohon ya shiga. Ta tuna faɗan da yake yi mata, ta sassauta murya kamar suna cikin barga da safe.

"Gunya. Ba ni."

Jikin goɗiyar ya girgiza, ta yunƙura, sai ga ta tana iyo. Baba Hamadou ya ɓullo a bayanta, idanu rufe, hannu biyu damƙe da wutsiya. Ita ta ja shi har gaɓa.

Ya yi aman ruwan gishiri har aka zaci ba zai tashi ba. Da ya samu numfashi bai nemi kowa ba, rarrafawa ya yi wurin Gunya ya bi ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Abdulhafiz ya durƙusa gabansa yana hawaye. Tsohon ya laluba aljihun wandonsa, ya ciro ɗan ƙarfen nan ya miƙa masa.

"Gobe bayan asuba, Alhaji. Ka zo da tufafin da ba ka so."

Ya zo kuwa, kuma har yau yana zuwa.

Baba Hamadou, kai ne ka shiga ruwan da kake tsoro saboda dabbar da ba taka ba. Kai ne ka sunkuyar da mutane masu ji da kansu, ba don ka wulaƙanta su ba, sai don su san abin da ke ɗauke da su yana da rai. Mun yi ta ce maka mai taurin kai a bayan idonka, kuma ba mu janye ba, amma yanzu da godiya muke faɗa. Ƙarshen watan nan za ka koma Dogondoutchi, gwiwoyi sun ce sun gaji. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma da aka damƙa wa wani mai rai, dabba ne ko mutum, ku riƙa sunkuyawa kuna duba shi tun lafiya lau, kafin ranar da za ku buƙaci ya amsa muku.

Ran Juma'ar da ta wuce Baba Hamadou ya shiga barga yin sallama. Ya tsaya jikin Gunya, ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Goɗiyar ta jira kaɗan, sannan ta ɗaga ƙafa da kanta ta ɗora masa a hannu. Ramatou ta riga ta wanke kofaton tas tun da safe, amma ya daɗe a sunkuye yana riƙe da shi.