Inda Aka Binne Cibiyar Affan

Duk wanda ya zauna a dogon benen nan na Vaulx-en-Velin, a gabashin Lyon, ya san Hajiya Zakiyya. Ita ce 'yar Damagaram ta hawa na huɗu, mai sharar makarantar yara, wadda ba ta iya wuce mutum a bakin ƙofa sai ta tambayi lafiyar gidansa kaf, har da wanda ya ƙaura tun bara. Mace ce mai tsoron abin da bai zo ba tukuna. In ɗanta ya kira ta ce lafiya kuwa, in bai kira ba ta ce ba lafiya ba. Shi ya sa da aka ce za a rushe benen, maƙwabta suka ɗauka ramar da take yi ta fargabar ƙaura ce. Ba su san abin da ta ajiye a gindin bishiyar da ke bakin ƙofa ba.

Maganar ta faro ne daga surukinta, Baba Illiassou. Yana saurayi aka kwaso shi aka sa masa kakin soja, ya yi yaƙin duniya na biyu a garuruwan da bakinsa bai iya faɗin sunansu ba. Ya sha gaya mata cewa yaƙin bai gama ƙarewa ba aka ware su, su baƙaƙen fata, aka karɓe kakin da takalman aka ba wasu, aka ce su jira jirgin ruwan da zai mai da su gida. Shi bai jira ba. Faransa ta fito daga yaƙi ba gidaje, ana neman duk mai ƙarfin ɗaukar siminti, kuma ba a duba launin mutum sai an zo rabon ɗaki. Shekara da shekaru yana kwana a bukkar kwano yana gina wa wasu. Yakan leƙa gida, can ya yi aure, can aka haifa masa ɗa. Da furfura a kansa ya yi aikin wannan benen, a cikinsa kuma ya fara samun ɗaki mai famfo. Ranar da aka ba shi makulli ya dasa bishiyar, bai nemi izinin kowa ba.

Ɗan nan nasa ne ya auro Zakiyya, Allah ya ji ƙansa shi ma. Da ta haifi Affan, ɗanta na fari, cibiyar jinjirin ta bushe ta faɗi kafin suna. Ta ƙulle ta a ƙyalle tana neman matafiyin da zai kai Damagaram, a binne a bayan ɗaki kamar yadda aka yi wa kowa a danginsu. Tsohon ya hana.

Ya ce, "Zakiyya, ba inda za ta. Ni na yi musu yaƙi, aka ce in tafi, ban da abin nunawa. Wannan yaro nan aka haife shi, nan za a binne cibiya tai. In ga mai tashin shi."

Da ludayin miya ta haƙa ramin, da rana tsaka, tsohon ya baza babbar riga ya kare ta yana kallon sama kamar mai duban hadari. Daga ranar ba ta ƙara wuce bishiyar ba sai ta saci kallonta.

Affan ya girma, yana aikin lodin kaya a babbar kasuwar Rungis, yana zaune a Bobigny kusa da Paris da matarsa Ruwaida, ga ta da tsohon ciki. Sai kakar zaɓe ta kama. Kullum a talabijin ga masu ɗamara da taye suna ta jijiyar wuya a kan waye ɗan gida, waye baƙo, mutanen da ko bulo ɗaya ba su taɓa ɗagawa ba. A makon da aka zagaye benen da shingen ƙarfe, a makon ne Affan ya kira ta.

"Inna, franchement, gaskiya na gaji. Kullum mu ne matsala. In Ruwaida ta sauka lafiya za mu duba wani wuri, ko Kanada ko wani gun."

Ta san malamai sun ce batun cibiya al'ada ce kawai, ita da kanta ta sha faɗa wa 'yan mata haka. Amma ga shi ko katafila ba ta taɓa wurin ba, yaron ya fara zancen tafiya. In aka tone fa? Ta kasa cin abinci, ta kasa gaya wa kowa, don kunya ba ta barin ta ko ta ambaci sunan ɗan fari, balle ta zauna tana bayanin cibiyarsa.

Bayan an mai da ita sabon gida a wata unguwa, ta ɗauki ludayin nan ta hau bas ta koma. Mai gadin wurin wani ɗan Cadi ne, Brahim, mai jin Hausar kasuwa. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ta ce ta yi mantuwa a gindin bishiya.

"Hajiya, shantiye ne, wurin aikin rusau, an hana shiga," in ji shi. Ya dubi ludayin, ya dubi fuskarta. "Ma'aikata sun tafi cin abinci. Yi maza."

Ta durƙusa da gwiwoyin da suka daɗe da daina yi mata biyayya. Ta haƙa inda take zato, ta matsa ta sake haƙawa. Saiwa ta samu, da murfin kwalba, da tsinken alewa. Ita ma dai Hajiya, abin da bai kai ɗan yatsa ba, shekara talatin da ɗoriya a cikin damshi, me take jira ta gani? Brahim ya ce gobe za a sare bishiyar, manyan motoci su kwashe ƙasar, shi ma bai san inda ake kaiwa ba. Nan hawaye ya zo mata. Ta buɗe leda ta yi ta ɗura ƙasar wurin har ledar ta nemi yagewa.

Ba a jima ba Ruwaida ta haifi mace. Zakiyya ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris wajen suna, tun daga ƙofar gidan idonta na neman kwalaye ɗaurarru. Ba ta ga ko ɗaya ba, amma ta ga sababbin akwatuna biyu a kan kabad. Da jama'a suka watse, Affan ya zo ya tsuguna a gabanta, ya miƙa mata ɗan ƙulli a farin ƙyalle.

"Inna, ta jikarki ce. Ki binne ta inda kika binne tawa."

Ashe tsohon ya gaya masa tun yana yaro. Ba ta gaya masa wurin yanzu rami ne ba. Sai ta ce, "To, batun tafiyar fa?"

"Sai mun ga yadda zaɓe ya kaya, Inna."

Ta dawo Lyon da ƙullin a bakin mayafi, hannunta a kai har ta sauka. Sabuwar unguwar duk daɓen siminti ce, 'yan itatuwan da ke ciki an ɗaure su da sanda, ba ta san wanda ya dasa su ba, ba ta kuma yarda za su daɗe ba. Ta hau sama ta ciro ledar nan. Akwai babban kaskon fure da ta tarar a baranda, mai nauyin da sai maza biyu. Akwai kuma tsohuwar tukunyar miyarta mai hannu biyu. Ta daɗe tsaye a tsakaninsu.

A tukunyar ta juye ƙasar. Ta yi rami da ludayi, ta yi bisimilla, ta sa cibiyar ta rufe. Sannan ta kama hannu biyun ta ɗaga ta ji ko za ta iya ɗauka ita kaɗai. Ta iya. Ba ta kai ta baranda ba, a bakin ƙofa ta ajiye ta, kusa da takalmanta.