Ƙofar da Mikail Ya Ƙi Gyarawa

Mikail Ba'ana mai zanen taswirar gidaje ne a Moduganari. Da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari, gini ya tsaya cak a Maiduguri, aiki ya ɗauke masa. A shekarar da aka yanke layukan waya, sai ya tare a shagonsa da wani faifai da ya taɓa kwafowa wurin wani ɗalibi.

A cikin faifan akwai manhajar da masu rubuta wa kwamfuta umarni ke gina abubuwa da ita, su fito da tsawo da faɗi da zurfi, har mutum ya riƙa zagaya su a allo kamar yana wurin. Tsarinta ne ya kama zuciyarsa: ka rubuta uwar ƙofa sau ɗaya, ka koya mata buɗewa da rufewa, duk ƙofar da ka fitar daga gare ta sai ta gaji halin. Wata goma sha ɗaya ya yi yana fama da ita, ba malami. Ya gina injin ban ruwa wanda kowane ƙarfensa ke juyawa. Duk wanda ya nuna wa sai ya gyaɗa kai, ya koma zancen shingen sojoji.

Da Bama ta faɗi hannun 'yan bindiga, Madu, ƙanen ajinsa a sakandare, ya iso da iyalinsa ƙafa a kumbure. Mikail ya ba su ɗaki. Ganin Madu na wuni yana kallon bango, sai ya zaunar da shi gaban kwamfuta ya fara koya masa.

Madu bai da tsabtar aiki. Rubutunsa a hargitse, katangunsa a karkace. Amma layin unguwarsu ya gina: masallaci, rijiya, darbejiya, rumfar tela. Labari ya kai sansanonin 'yan gudun hijira. Mutanen Bama suka fara cika shagon, suna nuna allo da yatsa.

"A'a, Malam Madu, randata a hagu take!"

Sai ya matsar da ita, a kwashe da dariya, wata ta share ido da gefen mayafi. Kafin wata biyu, masu Keke Napep sun sa wa shagon suna "wurin Malam Madu".

Wannan suna ya tsaya wa Mikail a maƙogwaro. Bulon nasa ne, ƙofofin nasa ne, har inuwar darbejiyar shi ya yi mako uku yana lissafinta. Ga shi an mayar da shi mai tayar da janareto.

Rannan ƙofofin unguwar suka daina buɗewa gaba ɗaya. Madu ne ya taɓa uwar ƙofar bai sani ba. Mikail ya leƙa ta bayan kafaɗarsa, ya hango kuskuren a layi guda na rubutun umarnin, ya ja bakinsa.

"Ya Mikail, ɗan duba min mana."

"Ina da aiki," in ji shi, alhali teburinsa wayam.

Kwana tara aka yi a haka. Wata tsohuwa, Ya Mu'mina, ta zo sau uku daga Gomari don ta ga cikin ɗakinta. A zuwa na uku ta daɗe tana kallon rufaffiyar ƙofar, sannan ta miƙe.

"Ba komai, ɗana. Ko daga waje ma na gode. Gobe za mu wuce Kano."

Tana fita Mikail ya ja kujera, ya gyara layin cikin minti ɗaya. Ƙofofi suka buɗe. Madu ya bi tsohuwar da gudu, amma kekenta ya riga ya sha kwana. Ya dawo yana haki.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko."

Daga ranar Madu bai sake roƙonsa komai ba.

Daga baya wata ƙungiyar agaji ta ɗauki Madu aiki a Abuja saboda wannan unguwa. A shafin farko na aikin ya sa sunan Mikail. Mikail ya gani, abin da ya lura da shi kawai shi ne haruffan sunansa sun fi na Madu ƙanƙanta.

Yanzu gini ya dawo, Mikail na da aiki, yana kuma koyar da manhajar ga ɗalibai ranar Asabar. Bara Lubna, 'yar Madu, ta samu gurbi a jami'a, ta sauka a gidansa. Yana riƙe da ita kamar 'yar cikinsa. Wata rana suna cin abinci ta ce, "Baba Mikail, babana ya ce cikin duk waɗanda ya sani, babu mai iyawarka."

Mikail ya ajiye cokali, ya dube ta.

"A gaban wa ya faɗa?"