Kar-a-taɓa da Ƙudan Kan Hanci

Kafin maigadi ya gama naɗe tabarmarsa ta iso. Ita ce shugabar sashen adanawa da gyaran zane-zane a gidan ajiye kayan fasaha na garinmu, tana da ofis da kujera mai juyawa da ma'aikata a ƙarƙashinta, amma ba ofis take fara shiga ba. Ɗakin ajiya take nufa. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iska, kamar uwar da ke son sanin ko yaro ya yi fitsarin kwance. In ta ji warin laima, ranar ba wanda zai sha shayi cikin kwanciyar hankali. Daga nan ta bi bango da tocila tana neman sawun gara, ta leƙa bayan firam ɗin kowane zane, sannan ta tuna akwai mutane a duniya, ta juyo ta ce musu ina kwana.

Sunanta na yanka yana rubuce a ƙofar ofis, amma ba mai kiranta da shi. Kar-a-taɓa ake ce mata, kuma ta ci sunan. Maigadi ya ga ranar da ta kaɗe yatsan wani babban baƙo da Darakta da kansa ke rakawa, ta ce, "Ranka ya daɗe, da ido ake kallo." Mataimakinta ba ya gajiya da ba da labarin ranar da bututun ruwa ya fashe a saman ɗakin ajiya, ta tattare zani ta shiga ruwa har ƙauri, ba ta fito ba sai da zane na ƙarshe ya fita a bushe. Takalminta har yau ba a gan shi ba. 'Yarta kuwa ta rantse cewa da aka miƙa mata jikanta na fari, sai da ta tambayi inda za ta ajiye shi, ta sa aka kawar da kujeru daga hanya, sannan ta karɓe shi da hannu biyu.

Kar-a-taɓa, ke ce mai gadin abin da ba naki ba. Ke ce kika tsufa a ɗakin da ba taga, don jikokin mutanen da ba ki sani ba su zo su ga abin da kakanninsu suka zana.

A wannan watan take ajiye aiki, kuma ba zai yiwu a yi mata jinjina a tsallake labarin ƙuda ba.

Zanen da mutane suka fi tsayawa gabansa a gidan shi ne na wata matashiyar mata zaune a bakin taga, tana ƙoƙarin danne dariya. A kan tsinin hancinta akwai ƙuda. Ba zana shi aka yi ba, ƙuda ne na gaske, da ƙafafunsa da fukafukansa, ya maƙale tun fenti yana ɗanye. Mai zanen ya shaida wa 'yan jarida tun a wancan zamanin cewa da niyya ya sa shi, wai don ya tuna wa mutane cewa kyau ba ya dawwama. A sana'ar su Kar-a-taɓa kuwa, abin da mai zane ya yi da niyya ba a cirewa, ko da ƙazanta ce. Don haka ƙudan ya samu gatan da ba wani ƙuda da ya taɓa samu. Ana kare shi daga rana, ana share ƙurar gefensa da burushi mai laushi, kuma da fiffikensa ya fara ɓamɓarewa, ita da hannunta ta liƙe shi da gam.

Matsalar ita ce mai hancin tana da rai. Matar mai zanen ce, ma'aikatan gidan suna kiranta Inna, shi kuma Baba. Takan zo tana dogara sanda, ta tsaya gaban zanen ta yi tsaki, ta nemi shugaba.

"'Yar nan, ki cire mini ƙudan nan."

"Inna, ba ni da iko. Baba ya ce da niyya ya sa shi."

"Niyyar me? Mutumin da sauro ke gagara, shi ne zai kama ƙuda da rai ya dasa mini a hanci?"

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, har abin ya zama kamar gaisuwa. Amma zuwan Inna na bana ya sha bamban. Ta rame, sai da ta huta a kan benci kafin ta iya magana, kuma ba ta yi tsaki ba.

"Na ji za ki bar aiki," ta ce. "Ni ma na kusa barin nawa. Ba ni da wani hoto na ƙuruciya sai wannan. In na mutu da shi za a riƙa tuna ni, a ce ga kakarku can, mai ƙuda."

Maganar ta zauna wa Kar-a-taɓa a ƙirji. Tausayin tsohuwar ya kama ta sosai, amma kuma duk tsawon aikinta ba ta taɓa cire wa wani zane abin da mai shi ya ce nasa ba ne. Mataimakinta ya kawo shawara cikin raɗa.

"Hajiya, ƙuda fa ne. Mu wayi gari kawai mu ce ya tashi."

Kallon da ta yi masa ya sa ya tuna yana da aiki a wani ɗakin. Ita ba ta ƙarya a kan zane. Hanya ɗaya ta rage, wato mai zanen ya janye maganarsa da bakinsa.

Ta aika aka ɗauko su su biyu zuwa ɗakin gyara. Tsohon ya shigo Inna na riƙe da hannun rigarsa, don idonsa ya tafi, sai dishi-dishi yake gani. An kwantar da zanen a kan tebur ƙarƙashin madubin ƙara girma. Kar-a-taɓa ta ba su kujeru, ta gaishe shi da ladabi, ta sunkuya tana leƙawa kamar dai aikinta na kullum take yi.

"Baba, bari in faɗa maka abin da nake gani. Ga ƙafafun ƙudan sun ja fenti, alamar ya yi ta mutsu-mutsu. A gefensa kuma ga sawun farce, kamar wani ya so ya ɗauke shi, fenti ya biyo, sai ya fasa."

"Farcen wa?" in ji Inna.

Tsoho ya gyara hula. Ya yi tari. Ya tambaya ko fankar ɗakin tana aiki.

"Malam, farcen wa?"

"To ai ke kika jawo!" ya ce. "Na ce ki zauna shiru, kika yi ta dariya. Na ajiye burushi ina kallonki, na manta da zane, na manta da taga a buɗe. Da na waiwayo ya riga ya sauka. Ga masu ɗaukar zanen suna hanya. Ɗan jarida ya tambaye ni ma'anarsa, me kike so in ce? In ce ƙuda ya fi ni sauri?"

"Shi ne ka bar ni da shi har na yi furfura!"

"Ai magana ta riga ta shiga littattafai. Har ɗalibai sun ci jarrabawa da ita."

Mataimakin ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa na rawa. Kar-a-taɓa ko murmushi ba ta yi ba, don abin da ta daɗe tana jira ke nan.

"Baba, ke nan ba da niyya ba ne?"

Ya lalubo hannun matarsa. "Ba da niyya ba ne. Cire mata shi, 'yata."

Kar-a-taɓa ta sake sunkuyawa kan zanen. Ta tausasa gam ɗin da ita ta sa, ta kai hantsaki a hankali, ta ɗago ƙudan sukutum, ko ƙafa ɗaya bai bari ba. Mataimakin ya miƙo wani ɗan ƙaramin akwati shimfiɗe da auduga.

"Akwati kuma?" in ji Inna. "Jana'iza za ku yi masa?"

Kar-a-taɓa ta ce, "Ajiye shi za mu yi, Inna. Ya riga ni kama aiki a gidan nan."

Ta cike ɗan ramin da ya bari da irin fentin da na bayanta za su iya wankewa in sun ga dama, ta tsayar da zanen, ta ja da baya. Inna ta matso da sandarta. Ta daɗe tana kallon yarinyar nan mai danne dariya, wadda ba ta taɓa ganin fuskarta tas ba.

"Ya fita?" tsohon ya tambaya, yana waige-waige inda ba ya gani. "Yaya kika fito?"

"Ashe hancin ma a karkace ka yi shi," in ji Inna. Hawaye na bin kumatunta. Ta jawo kujerarta kusa da tasa, ta fara faɗa masa abin da ke cikin zanen, daga ɗankwali zuwa hasken taga, yana gyaɗa kai. Kar-a-taɓa ta yafito mutanenta, suka fita suka ja musu ƙofa.

Hajiya, mun gode. Mun gode da shekarun da kika yi kina faɗa da gara da laima da yatsun manya, ba lambar yabo, ba hotonki a jarida. Ba ki karya ƙa'idar aikinki don tausayi ba, kuma ba ki fake da ƙa'idar kika kori tsohuwa ba. Zama kika yi kika nemo gaskiyar da za ta ɗauke su duka biyun. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya ƙara lafiya.

Ku kuma da za ku gaji kujerarta, ku riƙe amanar zane kamar yadda ta riƙe. Amma in wata tsohuwa ta zauna a kan benci tana haki ta ce tana son ganin shugaba, ku bar abin da kuke yi ku fito, wataƙila fuskarta ce kuke gadi.